Waƙa Kyauta a Intanet: Ina Rabon Makaɗi?

Gardamar da matasan mawaƙa ke yi a Kaduna, a kan ko ya dace ƙungiyar da ba ta ƙarƙashin wani kamfani ta saki waƙoƙinta kyauta a intanet ko kuwa ta sa musu farashi, ta zo a makare. Masu sauraro sun riga sun yanke hukunci ba tare da an tambaye su ba. Waƙar da aka kammala da la'asar a wani situdiyo na Tudun Wada, kafin a fito sallar isha'i ta shiga wayoyin Rigasa da Kawo. Wannan ya tura wa wancan ta Xender, wani ya jefa ta zauren WhatsApp, masu tura waƙa na bakin kasuwa sun zuba ta a memorin duk wanda ya ba su kuɗin turi. A wannan zagayen akwai wanda ya sa kuɗi a aljihu, sai dai ba mai waƙar ba ne. Don haka mawaƙin da ya ce shi ba zai bayar kyauta ba, iyakar abin da ya iya hanawa shi ne kyautar ta fito daga hannunsa. Wani zai bayar a madadinsa, kuma ba zai nemi izini ba.

Wannan bai isa ya kashe maganar ba, amma ya sauya inda ya kamata a kama ta. Abin dubawa shi ne ta wace ƙofa waƙar za ta fita, me za a riƙe a hannu, kuma idan kuɗi suka biyo baya ta wata hanya, wa za su samu.

Mu tuna cewa Bahaushe bai saba sayen waƙa don ya ji ta ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba da kuɗin masu sauraro suka rayu ba. Basarake ko attajiri ko ɗan siyasa shi ke biya, da doki, da babbar riga, da mota, da kujerar Makka, jama'a kuwa su taru su sha kiɗa ba ko kwabo, wanda abin ya ratsa shi ya fito ya yi liƙi. Da gidan rediyon Kaduna ya soma aiki a 1962, sai ya faɗaɗa wannan tsarin: muryar da a da sai ka je ƙofar fada ko filin biki za ka ji ta, ta shigo har ɗakin tsohuwa a ƙauye, har ƙetaren iyaka. Rediyo ya ba mawaƙi suna, suna ya jawo gayyata, gayyata ta kawo alheri. Zamanin da aka riƙa sayar da waƙa a matsayin haja, daga faifan garmaho zuwa kaset zuwa CD, gajere ne idan aka auna shi da tarihin kiɗan Hausa. Ko a lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ke tashe, tana cika shagunan Kaduna da Zariya da fayafayi, yawancin mawaƙa sau ɗaya ake sallamarsu. Furodusan fim ko ɗan kasuwa ya saya, ya biya, shi ke nan. Ko kwafi nawa aka buga bayan haka, ribar ta wanda ya saya ce. Sana'ar da memori da intanet suka durƙusar ta dillalan faifai ce fiye da ta mawaƙa.

Masu goyon bayan sakin waƙa kyauta sukan kafa hujja da ƙasashen Turawa. A watan Oktoban 2007 ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta ɗora sabon kundinta a shafinta, ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ko da sifili ne. Duniya ta ɗauka, kuma da faifan ya fito kasuwa daga baya sai ya hau saman jerin ciniki a Ingila da Amurka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin wannan ranar kamfanin faifai na EMI ya shafe fiye da shekara goma yana kashe kuɗi wajen tallata su. Sun yi kyauta ne da sunan da wani ya riga ya gina musu. Haka ma Chance the Rapper na Amurka, wanda ya ci kyautar Grammy a 2017 da kundin da bai sa shi a kasuwa don sayarwa ba. Shi da bakinsa ya bayyana cewa Apple ya ba shi dala 500,000 don kundin ya zauna a dandalinsu kaɗai na mako biyu. Yaron da ke haɗa kiɗa a Unguwar Mu'azu ba shi da EMI a bayansa, babu kuma Apple a gabansa.

To, ina batun manhajojin sauraro, waɗanda ake cewa suna biyan mawaƙi duk lokacin da aka kunna waƙarsa? Nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin nan ne aka fi yaudarar kai. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a Fabrairun 2021, ba shi da tsayayyen farashi na kowane sauraro. Yana tara abin da ya samu a kowace ƙasa daga kuɗin wata-wata da na talla, ya ware wajen kashi biyu cikin uku, ya raba wa masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon kason da kowa ya samu cikin jimillar sauraron ƙasar. Da ya fara a nan, kuɗin wata naira 900 ne, alhali a Amurka ana biyan kusan dala goma. Ma'ana, kunnen mutumin Kaduna da kunnen mutumin Landan ba farashinsu ɗaya ba. Idan kamfanin ya sanar cewa mawaƙan Nijeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a 2024, gaskiya ne, amma a tambaya su waye. Masu kiɗan Legas da ake sauraro a Turai da Amurka su ne ke kwashe kaso mai tsoka, tare da kamfanonin da ke bayansu. Ƙari a kan haka, tun 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba a lissafa ta cikin rabon ma gaba ɗaya.

Masu jin waƙar Hausa kuma ba a can suka fi yawa ba. Suna YouTube da TikTok da Audiomack da Boomplay, wanda tun 2015 yake zuwa a cikin wayoyin Tecno. YouTube na biya, amma sai tasha ta tara masu bibiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara kafin ta fara cin kuɗin talla, kuma darajar tallan ta danganta da ƙasar da mai kallo yake. Waƙar Hausa na da jama'a daga Yamai zuwa Garwa, daga zangon Kumasi zuwa Sudan da Jidda, jama'a mai yawan gaske, amma akasarinsu suna zaune ne a ƙasashen da masu talla ba sa biya da tsada. Sannan ga tsadar data. Bayan da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, wanda ya sauke waƙa sau ɗaya ya raba wa abokai goma ba mugunta yake yi ba, tattali yake yi. Amma duk sauraron da aka yi daga memori, ko sau dubu ne, babu na'urar da ta ƙidaya shi, babu kuma sisin da zai koma ga mai waƙar.

Ko shiga manhajoji irin su Spotify ma galibi da kuɗi ake yi. Dole sai ta hannun kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, waɗanda ke karɓar kuɗinsu da kuɗin waje, ga shi tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a tsakiyar 2023 duk abin da ake biya da dala ya ninka. Ƙaramar ƙungiya na iya ƙare shekara abin da ta biya na rajista ya fi abin da ya shigo mata.

Idan haka ne, sakin waƙa kyauta ba wata babbar asara ba ce, tunda abin da ake cewa za a rasa ɗin dama ba ya zuwa. Kuɗin waƙar Hausa a yau suna wajen biki: kamu, wuni, dina, waƙar amarya da ango da ake bayar da kwangilarta a ambaci sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya. Suna wajen siyasa, suna wajen tallan shaguna da makarantu da kayan mata. Waƙar da aka saki kyauta ita ce ke sa wayar mawaƙi ta yi ƙara. An ga haka a 2020, lokacin kullen korona, da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gari har matan aure suka riƙa ɗora bidiyon rawa da ita. Da a ce sai an biya kafin a ji, da ba ta kai inda ta kai ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga masu cewa a saki, kuma ni ma a nan nake, ga duk wanda ba a san shi ba tukuna. Wanda ba a ji shi ba, ba a gayyatarsa.

Sai dai wannan hanyar tana da kuɗin shiga, kuma waƙar ce da kanta ke biya. Idan biki da siyasa ne ke ciyar da mawaƙi, to waƙar da za ta yi daidai da biki da siyasa zai riƙa yi. Waƙar soyayya mai amshi gajere da za a iya yanka daƙiƙa talatin a hau TikTok da ita, ko waƙar yabon ɗan takara. Ita kuwa doguwar waƙa mai baiti ashirin a kan halin da makarantun gwamnati ke ciki, ko a kan masaƙun Kakuri da suka mutu suka bar dubban magidanta ba aiki, wa zai gayyace ta dina? Wane ɗan siyasa zai yi mata liƙi? Mun koma tsarin iyayen gida na zamanin da, amma ba tare da abin da ya sa na da ya ɗore ba. Makaɗin fada yana da ubangida guda na tsawon rai, wanda ke ɗauke da cinsa da suturarsa da auren 'ya'yansa. Ubangidan yanzu na shekara huɗu ne, wani lokaci na wata uku na yaƙin neman zaɓe, kuma ranar da ya faɗi, waƙar da mawaƙin sukan faɗi tare da shi. Kullen 2020 ɗin nan da ya ɗaga waƙa ɗaya sama, shi ne kuma ya hana taro da bukukuwa a Kaduna tsawon watanni, makaɗan da duk abincinsu ke filin biki suka zauna a gida. Sana'ar da ta dogara kacokan a kan taruwar jama'a, sanarwa ɗaya ta gwamnati ko fargabar tsaro a hanyar Birnin Gwari ta isa ta tsayar da ita.

Akwai kuma wanda ba a cika sa shi cikin lissafin ba, shi ne makaɗi. Maganar "saki kyauta, suna zai kawo kuɗi" an ɗinka ta ne daidai jikin mutum ɗaya mai murya. Shi ake gani a bidiyo, shi ake kira, shi ake yi wa liƙi a goshi. Mawaƙin zamani zai iya zuwa biki shi kaɗai da waƙarsa a filashi, DJ ya saka, ya riƙa bi da baki, a tashi ya kwashe nasa. Ƙungiya mai mutum shida, da mai jita, da mai ganga, da mai kalangu, da mai piyano, da 'yan amshi, lissafinta daban ne. Tana buƙatar wurin gwaji, da janareto da man da za a zuba masa a farashin da fetur ya koma tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, da motar ɗaukar kaya, da tsirkiyar jita da ake shigowa da ita daga waje. Naɗar waƙarsu ta fi cin lokaci da kuɗi, domin kiɗan hannu ne ba na kwamfuta ba. Mai biki kuma idan ya auna kuɗin mutum shida da na mutum ɗaya da DJ, an san wanda zai ɗauka. Wato ƙungiyar da ta fi kowa kashe kuɗi wajen samar da waƙar da za a bayar kyauta, ita ce ta fi kowa wahalar mayar da kuɗinta ta hanyar wasa.

Tawagogin gargajiya suna da ƙa'idar rabo da kowa ya sani. In an tashi daga wasa a zube abin da aka samu, uban kiɗi ya ɗauki nasa, a raba saura bisa matsayi, har yaron da ke ɗaukar ganga yana da abin da zai sa a aljihu. Ana iya yin ƙorafi a kan yawan kason, amma a gaban kowa ake ƙirga kuɗin. Kuɗin intanet ba a zube su a tabarma. Tashar YouTube da imel ɗin mutum ɗaya ake buɗe ta, asusun banki na mutum ɗaya ne, lambar sirri tana kan mutum ɗaya. Muddin babu abin da ke shigowa, kowa ɗan'uwa ne. Ranar da waƙa ɗaya ta fashe, ranar ce mai kalangu zai gano cewa a idon YouTube shi ba kowa ba ne. Da yawa daga cikin rabuwar da ake ɗora wa hassada ko girman kai, idan aka bi diddigi, a nan take farawa.

Makaɗan coci na Sabon Tasha da Barnawa da sha'irai masu bege suna da ɗan sauƙi, domin suna da jama'a tsayayya da lokutan da aka san za a neme su, kuma da yawansu suna ɗaukar yaɗuwar waƙar a matsayin lada. Su ma dai mai buga musu kiɗa yana da haya da zai biya.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa wanda ya saki waƙa kyauta ya sallama ta ke nan. Doka ba ta ce haka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta bar wa marubucin waƙa haƙƙinsa tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Haƙƙi biyu ne daban: na baiti da karin waƙa, da na naɗin da aka yi a situdiyo. Ba wa mutum damar ya ji waƙa a wayarsa bai ba shi damar ya ɗora ta a tasharsa ya ci kuɗin talla ba, bai ba kamfani damar ya yi tallan shinkafa da ita ba, bai ba mai fim damar ya saka ta ba. Amma duk waɗannan ana yin su kullum. Shafukan da ke tara waƙoƙin Hausa suna cin kuɗin talla a kan kowane mai saukewa, abin takaici ma wasu mawaƙan su ke biya don a ɗora musu. Tashoshi barkatai na ɗora waƙar wani da hoton wani. YouTube na da tsarin Content ID da ke gano sautin waƙa a duk inda aka ɗora ta ya karkatar da kuɗin ga mai ita, amma sai wanda ya yi rajistar waƙarsa ta hannun mai rarrabawa yake amfana, kuma yakan faru wani ya riga mai waƙar yin rajistar, sai a wayi gari ana tuhumar mutum da satar abinsa. Ƙungiyoyin da aka kafa don karɓo wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal, MCSN da COSON, sun ɓata shekaru suna shari'a da juna, kuma ƙaramin mawaƙin Arewa bai cika jin ɗuriyarsu ba.

Masu cewa kyauta na zubar da darajar waƙa suna da tasu gaskiyar. Wanda ya saba samun abu a banza yakan ɗauka yin sa ma a banza ne, shi ya sa za a gayyaci ƙungiya wasa a ce mata ai tallata ta ake yi. Amma maganin da suke kawowa, a kulle waƙa sai an biya, bai dace da kasuwarmu ba. Bandcamp, inda ƙananan ƙungiyoyin Turai da Amurka ke sayar da waƙa kai tsaye kamfanin ya cire kashi 15 cikin ɗari, yana tafiya ne a inda mutane suka saba sayen waƙa da katin banki. Mutumin nan namu da ba zai ba da naira ɗari biyu ya sayi waƙa ba, shi ne zai fito fili ya liƙa dubu biyar don a ambaci sunansa. Ba rowa ke hana shi ba. Yana son ya bayar ne a san ya bayar. Ƙungiyar da ta gane wannan za ta daina neman mai saye ta koma neman mai ɗaukar nauyi, kuma gara masu ɗaukar nauyi ɗari biyu ƙanana da babba guda ɗaya, domin su ɗari biyun ba za su haɗu su ce a cire baiti ba. Hanyoyin ma a buɗe suke: lambar asusu a ƙarƙashin bidiyo, taron ƙaddamar da kundi kamar yadda marubuta ke yi wa littattafansu a Gidan Arewa, zauren WhatsApp na masoya da za su ji sabuwar waƙa mako guda kafin kowa, su kuma fara samun tikitin wasa.

Saboda haka ni ina ganin ƙungiya ta saki, amma daga tasharta, da sunanta da lambar wayarta a cikin sautin kansa, ta yadda ko ta memori waƙar ta isa Maraɗi, mai neman su zai same su. Kafin a saki, a zauna a rubuta a takarda wa ya yi baiti, wa ya yi kari, wa ya biya situdiyo, kashi nawa kowa zai ɗauka daga abin da zai shigo ta intanet da ta wasa, kuma lambar sirrin tashar kada ta zauna a hannun mutum ɗaya. Mai situdiyo ma a yi magana da shi a fili, domin idan ba a rubuta ba, yana iya cewa naɗin nasa ne tunda a na'urarsa aka yi. A karɓi asalin fayilolin a ajiye. Kiɗan zalla kuwa, wanda babu murya a kansa, kada a sake shi ko da wasa: shi ne abin da zai ba mai murya damar zuwa biki ba tare da makaɗansa ba, ya kuma ba wani damar ɗora waƙar ɗan takararsa a kan gumin mutum shida.